Haƙƙin Matar da Aka Saka Game da Fanshon Tsohon Mijinta Bayan Rasuwarsa

Jawabin Wayar da Kan Jama'a da Aka Gabatar a Mpape, Yankin Babban Birnin Tarayya



Dalilin taruwarmu yau shi ne a yi muku bayani a kan wata tambaya da ke yawan zuwa ofisoshin Gwamnati. Tambayar kuwa ita ce: in mace ta yi zaman aure da ma'aikacin Gwamnati shekaru masu yawa, ta haifa masa 'ya'ya, daga baya suka rabu, ga ta yanzu tsufa ya kama ta, sai aka aiko mata ya rasu, shin tana da rabo a fanshonsa ko kuwa? Za mu amsa wannan tambaya filla-filla, domin rashin sani ya fi dare duhu. Sau da yawa tsohuwa takan ƙarar da ɗan abin hannunta wajen kuɗin mota tana neman abin da doka ba ta ba ta ba, alhali ga wani haƙƙin nata can a ajiye ba ta san da shi ba.

An zaɓi Mpape don wannan jawabi saboda irin mutanen da ke zaune a nan. Tun da aka kafa Yankin Babban Birnin Tarayya da Doka ta 6 ta 1976, aka kuma ƙaurato da Gwamnati daga Ikko ran 12 ga Disamba 1991, ƙananan ma'aikata suka yi ta kwararowa Abuja. Direbobi, masinjoji, masu gadi, akawuna da masu shara, waɗanda kuɗin haya a Maitama ya fi ƙarfinsu, da yawansu sun hawo kan waɗannan duwatsu suka zauna tare da 'yan'uwansu Gbagyi da ma'aikatan fasa dutse. Yau ga shi da dama daga cikinsu sun yi ritaya, waɗansu sun riga mu gidan gaskiya, sun bar iyali a nan Ƙaramar Hukumar Bwari, da kuma can garuruwansu na asali.

AMSA A TAƘAICE

Dokar fansho ta Tarayyar Nijeriya ba ta ware wani fansho na musamman domin matar da aka saka ba. Kome daɗewar da ta yi a gidan, in dai igiyar aure ta yanke kafin rasuwa, babu wani kuɗin wata-wata da Gwamnati za ta yanka mata da sunan tsohon mijinta. Haka kuma abin yake ga namijin da ya rabu da matarsa ma'aikaciya.

Ya kamata a faɗi wannan a sarari, domin akwai labarin da 'yan'uwanmu mazauna ƙasashen waje kan kawo, wanda yake rikitar da mutane. A ƙasar Amurka, in aure ya kai shekara 10 kafin a rabu, matar tana iya karɓar fanshon Gwamnati bisa aikin tsohon mijinta bayan ya mutu, da zarar ta kai shekara 60 da haihuwa. Da can ma shekara 20 ake bukata, sai gyaran dokar da suka yi a 1977 ya rage ta zuwa 10. Labarin gaskiya ne, amma dokar Amurka ce, ba ta aiki a kan fanshon Nijeriya. A nan ƙasar, abin da ɗan fansho ya bari yana shiga cikin dukiyar gado, a raba shi bisa dokar gadon da ta shafi mamacin. Saboda haka tambayoyi biyu ne a gabanmu: me mamacin ya bari, kuma wa doka ta ce ya gaje shi?

TSARIN FANSHO IRI BIYU NE

Na farko shi ne tsohon tsari, wanda Dokar Fansho ta 102 ta 1979 ta shimfiɗa. A wannan tsari ma'aikaci ba ya zuba kome. In ya gama aiki Gwamnati ta biya shi garatuti, sa'an nan ta riƙa ba shi fansho kowane wata har ƙarshen ransa. Ma'aikatan Tarayya da suka yi ritaya zuwa 30 ga Yuni 2007 suna cikin wannan tsari, kuma hukumar PTAD, wadda aka kafa a 2013 ƙarƙashin Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya, ita ke biyansu. Ƙa'idar tsarin ita ce, in ɗan fansho ya rasu kafin ya cika shekara 5 da yin ritaya, a biya magadansa ragowar fanshon waɗannan shekaru biyar. In ya wuce shekara biyar, fanshon ya ƙare da rasuwarsa. To, tun da yake kowa da ke wannan tsari ya daɗe da wuce shekara biyar, abin da magada za su nema yanzu shi ne bashin da mamacin yake bin Gwamnati, watau watannin da ba a biya shi ba, ko ƙarin da aka yi bai shigo hannunsa ba, ko garatutin da ya maƙale.

Na biyu shi ne tsarin karo-karo, wanda aka fara da Dokar Gyaran Fansho ta 2004, aka kuma sabunta shi da ta 2014. A nan kowane ma'aikaci yana da asusunsa na kansa. Ana cire kashi 8 cikin 100 daga albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki kuma ya ƙara aƙalla kashi 10, a zuba a asusun kowane wata. Kamfanin kula da fansho ne ke juya kuɗin, Hukumar Fansho ta Ƙasa, watau PenCom, tana sa ido a kansa. In mutum ya yi ritaya, ya zaɓi ɗaya daga hanyoyi biyu. Ko dai kamfanin ya riƙa yanko masa daga asusun kowane wata, wanda in ya rasu duk abin da ya saura na magada ne. Ko kuwa ya miƙa kuɗin ga kamfanin inshora a riƙa biyansa har mutuwa. A wannan hanya ta biyu an lamunce shekara 10: in ya rasu cikinsu a biya ragowar, in ya wuce su babu sauran kome.

Akwai kuma inshorar rai, wadda doka ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya yi wa kowane ma'aikacinsa. Ba ta gaza ninki 3 na albashin shekara ba, amma ana biyanta ne kawai in mutum ya rasu yana bakin aiki. Wanda ya riga ya yi ritaya ba ya cikinta. A lura kuma, sojoji suna da tasu hukumar fansho dabam, jihohi kuma kowace da dokarta. Wanda ya yi wa jiha ko ƙaramar hukumar jiha aiki, sai iyalinsa su nufi hukumar fanshon jihar.

SUNA A FOM BA SHI NE GADO BA

Ga wani kuskure da ke haddasa rigima a gidaje. Lokacin da ma'aikaci ya kama aiki, akan ba shi fom ya rubuta sunan makusancinsa. Sau da yawa saurayi yakan rubuta sunan amaryarsa ta fari, shekaru su shuɗe, su rabu, ya manta bai canza ba. In ya rasu sai a ga sunanta a fayil, ita ta ɗauka kuɗin nata ne, matan da ke gidan kuma hankalinsu ya tashi.

A sani, makusanci shi ne wanda za a tuntuɓa in wani abu ya faru. Rubuta sunan bai mai da mutum magaji ba, rashin rubutawa kuma bai hana magaji rabonsa ba. Sashe na 8 na Dokar 2014 ya ce kamfanin fansho ba zai saki kuɗin asusun mamaci ba sai an kawo wasiyyar da kotu ta tabbatar, ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci, ko umurnin kotun da ke da hurumi. Wanda aka damƙa wa kuɗin kuwa amana ce aka ba shi, ya raba wa masu haƙƙi. Inshorar rai ce kaɗai dokar ta ce a biya wanda ma'aikacin ya ambata da sunansa a matsayin mai cin moriya; in gardama ta taso a kan wannan, kotu ce ke raba ta.

IN AUREN MUSULUNCI NE

Kotunan yanki da kotunan shari'a na ƙasar nan suna bin mazhabar Malikiyya, ga kuma yadda hukuncin yake. In saki ɗaya ne ko biyu, irin wanda miji ke da ikon mai da matarsa, ya kuwa rasu ba ta gama idda ba, to, matarsa ce. Za ta koma takaba ta wata 4 da kwana 10, ta kuma ci gado kamar sauran matansa. Iddar tsohuwar da ta daina al'ada wata 3 ce. In ta gama idda kafin ya cika, ko kuwa saki uku ne, ko ita ce ta fanshi kanta ta hanyar hul'i, ba ta da gado.

Amma akwai togiya guda mai muhimmanci. In mutum ya saki matarsa yana kwance cikin ciwon ajali, ya kuma mutu a wannan ciwon, Malikiyya sun ce tana gadonsa, ko saki nawa ne, ko ta gama idda, kai ko da ta yi wani auren. Hikimar ita ce kada wani ya yi amfani da saki don ya hana mace rabonta yana bakin kabari. Saboda haka ranar da aka yi saki, da halin da mijin yake ciki a ranar, abubuwa ne da alƙali zai bincika. Takardar saki mai kwanan wata, da shaidu, da katin asibiti, duk suna da amfani a nan.

Bari mu buga misali. A ce mamaci ya bar naira 8,000,000 bayan an biya bashi da wasiyya, iyayensa sun riga shi rasuwa, yana da mace ɗaya a gida, da 'ya'ya maza 2 da mata 3. Rabon mata shi ne tumuni, watau naira 1,000,000. Ragowar 7,000,000 a kasa ta bakwai, kowane namiji ya ɗauki 2,000,000, kowace mace 1,000,000. In wadda aka saka tana cikin waɗanda muka ce suna gado, sai su raba tumunin ita da ta gida, kowace 500,000. In ba ta ciki, ta gida ta ɗauke tumunin duka. Amma a duba da kyau: in ɗa guda da 'ya'ya mata biyu daga cikin yaran nata ne, naira 4,000,000 ke nan ta shiga ɗakinta, rabin dukiyar. Sakin uwa ba ya rage wa ɗa ko anini daga gadon ubansa.

IN AUREN RAJISTA NE KO NA GARGAJIYA

Waɗanda suka yi aure a ofishin rajista, ko a cocin da ke da lasisi, Dokar Shari'o'in Aure ta 1970 ce ta shafe su, kuma Babbar Kotu kaɗai ke da ikon raba aurensu. Kotun takan fara ba da hukunci na wucin gadi, wanda ba ya zama na dindindin sai bayan wata 3 a bisa al'ada. In ɗayansu ya rasu kafin wannan lokaci, aure bai mutu ba, wanda ya saura yana da cikakken haƙƙin matar mamaci ko mijin mamaciya. Haka kuma in rabuwar ta fatar baki ce kawai, kowa ya kama gabansa ba a je kotu ba, to, ko shekara 20 suka yi ba su ga juna ba, a idon doka ma'aurata ne. Mata da yawa suna ɗaukar kansu sakakku alhali ba haka ba ne. Wannan doka kuma ta ba kotu ikon yanka kuɗin ciyarwa da raba kadara lokacin rabuwa, saboda haka a lokacin ne ya kamata mace ta kawo maganar tsufanta gaban alƙali.

A auren gargajiya kuwa, kowace ƙabila da al'adarta, kuma a wurare da yawa mai da dukiyar aure ne ke tabbatar da rabuwa. Kotun gargajiya ce ke duba wannan. Sai dai al'ada ba ta fi Tsarin Mulki ba: a shari'ar Ukeje ta 2014, Kotun Ƙoli ta soke al'adar da ke hana 'ya mace gadon ubanta.

ƘOFOFIN DA SUKA RAGE MATA

To, in an tabbatar ba ta cikin magada, shi ke nan ta tashi a tutar babu? A'a. Akwai ƙofofi huɗu.

Ta farko ita ce bashi. Ba a raba gado sai an biya bashin mamaci. In akwai ragowar sadakinta da bai cika ba, ko rancen da ta ba shi, ko kuɗin ciyarwa da kotu ta yanka bai biya ba, ko kuɗinta da ta sa aka gina ɗaki a gidansa, duk ta kawo wa kotu da hujja, a cire mata kafin kowa ya taɓa kome. Kayan ɗakinta da dabbobinta da ta bari a gidan kuwa nata ne tun asali, ba sa shiga gado.

Ta biyu ita ce wasiyya. Musulmi yana da ikon yin wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba ga wanda ba magajinsa ba. Tun da yake ita ta fita daga magada, wasiyya ta halatta gare ta. Dattijon da ya san uwar 'ya'yansa ta sha wahala da shi tun yana ƙaramin ma'aikaci, wannan ce hanyar da zai saka mata.

Ta uku ita ce 'ya'yanta. Addini da al'ada duk sun ɗora wa ɗa nauyin uwarsa. Wanda ya karɓi rabonsa daga fanshon ubansa ya bar mahaifiyarsa tana roƙon abin kai wa baka, ya san bai kyauta ba. In kuma cikin 'ya'yan akwai ƙarami ko mai lalura da ke hannunta, ta roƙi kotu ta tsare rabonsa, ta kuma faɗi wanda zai kula da shi.

Ta huɗu ita ce guminta. In ita ma ta yi aikin Gwamnati ko na kamfani, fanshonta nata ne, saki bai shafe shi ba, sabon aure ma haka. Sai dai in ta canza suna bayan rabuwa, ta tabbatar sunan da ke asusun fansho ya yi daidai da na katin ɗan ƙasa da na banki, domin saɓanin suna yana tsai da biya. 'Yan kasuwa da masu sana'ar hannu kuwa, tun watan Maris 2019 aka buɗe musu hanyar tara fansho da kaɗan-kaɗan a kamfanonin fansho. Muna jawo hankalin mata masu sauran ƙarfi, masu sai da abinci da masu ɗinki na nan Mpape, su je su tambaya.

YADDA AKE BIN HAƘƘI

Da farko a karɓi takardar shaidar mutuwa daga asibiti, a kuma yi rajistar mutuwar a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Sa'an nan a sanar da kamfanin fanshon mamacin, ko PTAD in ɗan tsohon tsari ne, da ma'aikatar da ya yi wa aiki. Bayan haka iyali su zauna su rubuta sunan duk wani magaji, har da 'ya'yan matar da ta fita, su nufi kotu. A nan Abuja sashen gado na Babbar Kotun Yankin Babban Birnin Tarayya ne ke ba da takardar izinin kula da dukiya, gadon Musulmi kuwa kotunan yanki ne ke raba shi. Kamfani ko hukuma za ta ba ku jerin sauran takardun da take bukata, kamar takardar ɗaukar aiki, da ta ritaya, da hotuna, da lambar asusun banki.

Zuwa da kai ya fi aike. Kada ku ba kowa cin hanci, kada kuma ku faɗa wa wanda ya bugo waya lambar sirrin katinku, ko da ya ce daga ofishin fansho yake. Wanda ya ɓoye sunan wani magaji ya yi rantsuwar ƙarya a kotu, laifi ne babba. Haka nan ci gaba da cirar fanshon mamaci daga banki ba tare da an sanar da hukuma ba laifi ne, kuma za a nemi a mai da kuɗin. Wadda ba ta da halin ɗaukar lauya ta je Hukumar Ba da Taimakon Shari'a, wadda aka kafa a 1976. Wanda wani ofishi ya yi ta ja masa rai ya kai kuka PenCom, ko Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wadda ke aiki tun 1975.

KIRA GA MAGIDANTA

A ƙarshe, ya ku maza ma'aikata da 'yan fansho, rigakafi ya fi magani. Duk lokacin da aka yi aure, ko haihuwa, ko rabuwa, ko rasuwa a gidanka, je ka gyara fayil ɗinka a ofis da kamfanin fansho. In rabuwa ta zama dole, rubuta takarda da kwanan wata da shaidu, ka biya abin da ake binka tun kana da rai. Rubuta wasiyyarka a gaban adilai. Haɗa takardunka wuri ɗaya, ka ɗauki kwafinsu ka ajiye wajen wani amintacce, domin gobara da ruwan sama ba sa sallama. Ka kuma gaya wa babban ɗanka ko 'yarka sunan kamfanin da ke riƙe da fanshonka.

Ku kuma iyayenmu mata, ku adana takardar aure, da takardar saki, da takardun haihuwar 'ya'yanku. Matambayi ba ya ɓata: kafin ki kashe kuɗin mota, fara zuwa wurin alƙali ko malamin da ya san gado, ki gaya masa ranar saki da ranar rasuwa, zai faɗa miki matsayinki.

Muna roƙon masu unguwanni da limamai da shugabannin coci su isar da wannan bayani ga waɗanda ba su sami zuwa ba. Wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu wucewa lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.